Manajarmu Tana Kirana Duti Ina Cikin Hutun Haihuwa: Dole Ne In Je, Kuma Nawa Za A Biya Ni?

Assalamu alaikum Anti. Ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Ingila, kuma su ne suka ɗauki nauyin bizata. Na haihu wata uku da suka wuce ta hanyar tiyata, ina shayarwa, kuma hutun shekara guda na nema. Yanzu manajarmu ta fara kirana tana cewa ma'aikata sun yi ƙaranci, in riƙa zuwa duti jefi-jefi a matsayin abin da ta kira ranakun KIT. Da na tambaye ta maganar kuɗi sai ta ce za a haɗa da kuɗin haihuwar da ake ba ni, ba ta ƙara bayani ba. Ta kuma turo mini wani horo na awa biyu in yi a kwamfuta daga gida, ta ce wannan ba aiki ba ne. Fam 13 ake biyana a awa, dutinmu kuma awa 12 ne. Gaskiya muna cikin matsi, haya ta cinye albashin maigidana, har wata ƙawata ta ce in yi rajista da ejensi in riƙa samun na cefane ba tare da wurin aikina sun sani ba. Ina tsoron in ƙi zuwa su taɓa bizata. Ki ba ni shawara.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Barka da arziki, Allah ya raya mana, ya ƙara miki lafiya, ya yaye muku matsin da kuke ciki.

Bari in fara da abin da ya fi hana ki barci, wato tsoron ƙin zuwa. Babu wanda zai iya tilasta miki yin aiki ko na awa ɗaya a cikin hutun haihuwarki. Ranakun KIT da manajarku take magana a kansu, wato ranakun ci gaba da hulɗa da wurin aiki a cikin hutun haihuwa, an shigo da su dokar Birtaniya ne ga matan da ranar da aka sa ran za su haihu ta faɗo daga 1 ga Afrilun 2007 zuwa sama, kuma manufarsu ita ce mai jego ta samu damar leƙa wurin aikinta har kwana goma, ta halarci horo ko taro ko ta taɓa aikin hannunta, ba tare da hutunta ya karye ko kuɗinta ya tsaya ba. Sharaɗinsu na farko shi ne amincewar ɓangarori biyu. Kamfani ba shi da ikon wajabta miki su, ke ma ba ki da ikon wajabta masa ya ba ki su. Idan kika ce ba za ki zo ba, doka ta haramta a kore ki, ko a rage miki matsayi, ko a cuzguna miki ta kowace hanya saboda wannan ƙin, kuma dokar daidaito ta 2010 ta ɗauki musguna wa mace saboda tana hutun haihuwa a matsayin wariya. Wannan kariya ba ta bambanta ɗan ƙasa da baƙo ba. Dangane da biza kuwa, ƙa'idojin Ma'aikatar Cikin Gida sun ware hutun haihuwa na doka daga cikin nau'o'in rashin zuwa aiki da ke sa a janye ɗaukar nauyin ma'aikaci, kuma kuɗin haihuwar da kamfani ke biyan ki, wanda za ki ga an rubuta SMP a takardar albashinki, ba ya cikin tallafin gwamnati da aka hana masu irin bizarki karɓa. Na san cewa sanin doka ba ya kawar da fargabar wanda zamansa a ƙasa ya rataya a wuyan kamfani guda, kuma akwai masu amfani da wannan fargaba su matsa wa baƙi, amma ki shiga tattaunawar nan da sanin cewa su ne suke neman alfarma a wurinki.

Abu na biyu shi ne yadda ake ƙirga kwanakin, domin a nan ne mata da yawa ke yin asara ba su sani ba. Duk aikin da kika yi a cikin yini, komai ƙanƙantarsa, ya cinye kwana ɗaya cur daga cikin goman. Mace ta je taron minti talatin, ta dawo gida, kwana ɗaya ya tafi, daidai da wadda ta yini tana ɗaga tsofaffi tana canza musu shimfiɗa daga bakwai na safe zuwa bakwai na yamma. Saboda haka maganar da aka faɗa miki cewa horon kwamfuta ba aiki ba ne, ba daidai ba ce. Horon da kamfani ya umarce ki da yi aiki ne, ko a ofis kika yi shi ko a kan gadonki jariri na barci a gefe. Idan kika buɗe kwamfuta kika yi awa biyun nan, kin ba da kwana ɗaya, kuma kina da haƙƙin a biya ki. Shawarata ita ce ko dai ki ce a ajiye horon sai kin koma, ko kuma a tara duk horon da ake bin ki, na ɗaga marasa lafiya da na ba da magani da na kashe gobara da sauransu, a yi su a yini guda da za a biya ki cikakken kuɗin yini. Abin da ba ya shiga lissafi shi ne tuntuɓa ta yau da kullum, kamar manaja ta kira ta tambayi lafiyarki, ko ta sanar da ke wani sauyi ko gurbin ƙarin girma, ko ku tattauna ranar komawarki, ko ki kai jaririn abokan aiki su gan shi. Wannan doka ta yarda da shi muddin bai wuce kima ba. Kiran da ake yi miki a kai a kai ana roƙon ki toshe giɓin duti kuwa ya wuce kima, kuma kina iya rubuta mata cikin ladabi cewa daga yanzu a riƙa tuntuɓar ki ta imel.

Yanzu sai maganar kuɗi, kuma ina roƙon ki karanta wannan ɓangare da biro a hannu. Doka ba ta yanke adadin da za a biya ma'aikaciya a waɗannan ranaku ba. Ta bar shi ga abin da kwantiraginki ko tsarin kamfani ya tanada, ko abin da kuka daidaita a kai kafin ki je, illa dai ba za a sauko ƙasa da mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, wanda ya kasance fam 12.21 a awa ga masu shekara 21 zuwa sama a shekarar da ta fara daga Afrilun 2025. Yawancin wuraren aiki suna biyan albashin da aka saba. Amma doka ta kuma ba kamfani damar ya haɗe kuɗin aikin da kika yi da kuɗin haihuwar wannan makon, ya ɗauki ɗaya a matsayin biyan ɗayan, kuma ina kyautata zaton abin da manajarku take nufi ke nan da ta ce za a haɗa. Kalmar nan guda tana iya ɗaukar ma'ana uku, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ƙarama ba ce.

Kin riga kin wuce makonni shida na farko da ake biyan kashi 90 cikin ɗari na albashi, kin shiga makonni 33 na ƙayyadadden adadi. A shekarar da ta fara daga Afrilun 2025 adadin fam 187.18 ne a mako, ana kuma sabunta shi kowace Afrilu, saboda haka ki duba takardar albashinki ki sa naki adadin a lissafin. Duti ɗaya na awa 12 a kan fam 13 ya kama fam 156, idan duk awannin ake biya ba a cire lokacin hutun cin abinci ba. A hanya ta farko, kamfani ya ɗora miki fam 156 a kan kuɗin haihuwarki, ki tashi da fam 343.18 a wannan makon kafin a cire haraji. A hanya ta biyu, a raba kuɗin haihuwar mako gida bakwai, a cire kason kwana ɗaya, wato fam 26.74, daga kuɗin dutin, sai ƙarin da ya shigo miki ya zama fam 129.26. Wannan ma abu ne da mutum zai iya karɓa. A hanya ta uku kuwa, a kwatanta kuɗin dutin da kuɗin haihuwar mako gaba ɗaya, kuma tun da fam 156 bai kai fam 187.18 ba, sai a ce an riga an biya ki. Ma'ana, kin bar jaririnki awa goma sha biyu, kin biya kuɗin bas, wataƙila kin biya mai raino, kin dawo da ciwon baya, kuma ko sisi bai ƙaru a asusunki ba. Abin da ya sa nake ganin wannan hanya ta uku zalunci ce, ko da doka ba ta toshe ƙofarta ba, shi ne kamfani yana karɓo aƙalla kashi 92 cikin ɗari na kuɗin haihuwar da yake biyan ki daga hukumar haraji ta HMRC, ƙananan kamfanoni ma suna karɓo fiye da abin da suka biya. Wato da kuɗin da ba nasu ba za su sayi dutinki, alhali da ma'aikaciyar ejensi suka kira ta toshe giɓin, da sun biya fiye da albashinki. Ki riƙe wannan hujja, domin ita ce ƙarfinki a wurin ciniki.

Idan aka yi rashin sa'a tsarin kamfaninku a kan hanya ta uku yake kuma suka ƙi sauyawa, to akwai dabaru biyu. Ta farko ita ce ki tara kwanakin a mako guda maimakon ki warwatsa su. Duti uku a mako ɗaya sun kama fam 468, kuma ko an cire kuɗin haihuwar makon duka, fam 280.82 ya ƙaru miki, alhali da kin yi su ɗaya bayan ɗaya a makonni uku da ba ki ga komai ba. Ta biyu, wadda na fi so a gare ki, ita ce ki adana kwanakinki zuwa ƙarshen hutu. Hutun haihuwa mako 52 ne, amma kuɗin yana tsayawa a mako na 39, saboda haka makonni 13 na ƙarshe babu abin da zai shigo. A lokacin babu kuɗin haihuwar da za a cire daga haƙƙinki, duk abin da kika yi naki ne, kuma kwana goma a kan fam 156 sun kama fam 1,560 kafin haraji, daidai lokacin da gidanku zai fi bukatarsu. Sannan jaririn ya kai wata takwas ko tara, ya fara cin abinci, jikinki ya ƙara ƙwari, horon da za ki yi kuma zai kasance sabo a kanki ranar da za ki koma. Don kwatanci, a asibitocin gwamnati na NHS an rubuta tsarin ƙarara: ana biyan ma'aikaciya albashinta na awannin da ta yi, a cire kuɗin haihuwar da ya dace, kuma idan ranar ta faɗo a lokacin da take karɓar cikakken albashi sai a rama mata da hutun kwana ɗaya bayan ta koma. Gidajen kula da tsofaffi masu zaman kansu kowanne da nasa tsarin, shi ya sa dole ki nemi a ba ki na gidanku a rubuce.

Ki kuma riƙe lissafin kwanakin da kanki a cikin littafi, kada ki dogara ga ofis. Idan kika wuce goma, za ki rasa kuɗin haihuwar duk makon da kika yi aiki a cikinsa ko da awa ɗaya ce, kuma ana iya ɗauka cewa hutunki ya ƙare kin koma aiki. Kwanakin ba sa tsawaita hutu, wato yin goma ba ya ƙara miki kwana goma a ƙarshe. Idan dutin dare ne da zai tsallake sha biyu, ki sa a rubuta tun kafin ki je ko kwana ɗaya za a ƙirga shi ko biyu.

Game da shawarar ƙawarki, ina roƙon ki da ki bar ta. Na san da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma garin neman gira za a rasa ido. Ƙa'idar ita ce, idan bayan haihuwa kika fara aiki da wani sabon kamfani da ba ki kasance ma'aikaciyarsa ba a mako na 15 kafin makon da aka sa ran haihuwarki, kuɗin haihuwarki yana tsayawa daga makon da kika fara, kuma ba ya dawowa ko da duti ɗaya kika yi kika daina. Kwanaki goman nan ba su shafi sabon kamfani ba, na wurin aikinki ne kaɗai. Idan saura mako 20 a biya ki, kin jefa fiye da fam 3,700 cikin haɗari saboda abin da bai kai fam 200 ba. Ɓoyewa kuma ba ta yiwuwa, domin duk albashin da aka biya ta hanyar da ta dace yana bayyana a wurin HMRC da lambar inshorarki, sai a wayi gari ana bin ki bashin abin da aka biya ki bisa kuskure, kamfaninku kuma ya samu hujjar tuhumar ki da rashin gaskiya wadda a yanzu ba shi da ita. Ga kuma sharuɗɗan bizarki a kan ƙarin aiki, waɗanda ba a taɓa su sai an zauna da lauyan shige da fice mai rajista.

Akwai kuma lafiyarki, wadda ba ki tambaya ba amma ba zan tsallake ta ba. A gida, mai jego ba ta ɗaga ko tulu kafin arba'in, kuma dokar ƙwadago ta Najeriya ma ta hana a sa mace aiki a makonni shida na bayan haihuwa. Dokar Birtaniya mako biyu kawai ta wajabta, ko huɗu ga masu aikin masana'anta, amma ta ɗora wa kamfani wani nauyi da ya shafe ki kai tsaye. Da zarar kin sanar da su a rubuce cewa kin haihu cikin wata shida da suka wuce, ko kina shayarwa, wajibi ne su duba haɗarin da ke cikin aikin a gare ki ke kanki, su gyara abin da ya kamata. Aikin kula da tsofaffi aikin ƙarfi ne, akwai juya mai jinya a gado, da tallafa masa zuwa banɗaki, da tare shi idan ya yi tangal-tangal, kuma wata uku bayan tiyata ba kowace mace ce cikinta zai ɗauki wannan ba. Ki tambayi likitanki kafin ki amsa kowane duti. Idan likita ko ungozoma ta ba ki takardar cewa aikin dare zai cutar da ke, ba za a sa ki shi ba. Wajibi ne kuma su samar miki wurin hutawa mai kyau, kuma hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta bayyana cewa banɗaki ba wurin tatsar nono ba ne. Awa goma sha biyu ba tare da tatsa ba na iya sa nono ya cika ya yi tauri ya kawo zazzaɓi, ko ruwansa ya ragu, saboda haka ki tambayi ɗaki mai ƙofa, da firij, da lokutan da za a ba ki.

Abin da za ki yi a wannan makon shi ne ki rubuta wa manajar imel gajere, ki sa sashen kula da ma'aikata a ciki idan kuna da shi. Ki gode mata, ki ce kina da sha'awar yin wasu kwanakin nan gaba, amma kafin ki sa rana kina bukatar amsa a rubuce: nawa za a biya a awa, shin a kan kuɗin haihuwa za a ɗora ko cirewa za a yi, idan cirewa ce ta kwana ce ko ta mako, a wane albashi kuɗin zai fito, wane irin aiki za ki yi, kuma yaya za a ƙirga horon kwamfuta da dutin dare. Ki haɗa da sanarwar cewa tiyata aka yi miki kuma kina shayarwa. Idan amsar ta gamsar da ke, ki zaɓi ranakun da suka dace da ke da maigidanki. Idan ba ta gamsar ba, jimla ɗaya ta isa: ba za ki samu damar yin aiki ba a yanzu, za ki tuntuɓe su idan lokaci ya yi. Ba sai kin kawo dalili ba. Duk abin da aka faɗa miki ta waya, musamman idan aka ambaci biza ko aka yi shaguɓe a kan makomar aikinki, ki rubuta rana da lokaci da ainihin kalaman, sannan ki tura imel kina cewa ga abin da kika fahimta daga hirarku.

Idan matsin ya ci gaba, hukumar sasanta rikicin ma'aikata ta Acas tana ba da shawara kyauta ta waya, ƙungiyar Maternity Action ta ƙware a kan haƙƙin masu ciki da masu jego har da baƙi, akwai kuma Citizens Advice a garuruwa da yawa, da ƙungiyar ƙwadago irin su UNISON ko GMB idan ke mamba ce. Saɓani a kan adadin kuɗin haihuwa HMRC ce ke warware shi. Ƙarar wariya kuwa kotun ma'aikata ake kai ta bayan an bi ta Acas, kuma wa'adin da aka daɗe ana aiki da shi wata uku ne ban da kwana ɗaya daga ranar da abin ya faru, saboda haka da shi za ki yi lissafi, kada ki jira sai kin koma aiki.

Dangane da matsin kuɗi, akwai hanyoyin halal da ya kamata ku zauna da maigida ku auna. Hutunki na shekara yana ci gaba da taruwa duk tsawon hutun haihuwa, mako 5.6 ne a doka, wato kwana 28 ga mai aikin kwana biyar a mako, kuma da cikakken albashi ake biyan sa. Mata da yawa suna kawo ƙarshen hutun haihuwa a mako na 39, ranar da kuɗin ya tsaya, su ɗora hutun shekara a kai, sai su ci gaba da zama a gida ana biyan su. Wannan yana bukatar ki ba da sanarwar mako takwas kafin sabuwar ranar komawa, kuma a amince da ranakun hutun shekarar. Haka nan akwai tsarin raba hutu tsakanin uwa da uba da aka fara a Afrilun 2015, wanda a ƙarƙashinsa kowannenku zai iya yin aiki har kwana 20 ba tare da hutun ya karye ba, ƙari a kan goman da kike da su. Yana da sharuɗɗa a kan tsawon aikin kowannenku, daga ciki har da cewa maigidanki ya yi aiki mako 26 a cikin makonni 66 da suka gabaci makon da aka sa ran haihuwa, kuma shiga cikinsa yana nufin kin rufe hutun haihuwarki, abin da ba a cika iya warwarewa ba bayan an yi. Kafin ki sa hannu a takardarsa, ki kira Maternity Action ko Acas da ranar haihuwar jaririnki, da ranar da hutunki ya fara, da takardun albashinku ku biyu, su taya ki lissafa wanda ya fi muku riba.